Ɗumama gida ta ƙarƙashin daɓe: Yadda ake zaɓen ɗan kwangila a Jamus

A ƙasar Jamus ana ƙara rungumar dabarar ɗumama gidaje ta hanyar binne bututan ruwan ɗumi a ƙarƙashin daɓe. To amma da yake aiki ne da ido ba ya sake ganinsa da zarar an zuba siminti, zaɓen wanda zai yi shi ne babban matakin da ke gaban mai gida.

Ga mazaunin Kano ko Damagaram, sanyi baƙo ne na 'yan makonni. Idan hunturu ya kankama sai a nemi rigar sanyi da bargo, a hura garwashi a kasko, kafin a ankara bazara ta kawo kai. A Jamus kuwa lamarin ya sha bamban. A al'adance ana ɗumama gidaje tun daga farkon watan Oktoba har zuwa ƙarshen Afrilu, wato watanni bakwai cur, kuma ɗumama ɗakuna kaɗai na lashe kimanin kashi biyu cikin uku na makamashin da iyali ke amfani da shi a gida. Saboda haka duk wanda ya ƙudiri aniyar gina gida ko gyara tsohon da ya saya a ƙasar, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da suka daɗe da zama a birane irin su Hamburg da Berlin da Kolon, tilas ne ya fuskanci tambayar yadda zai ɗumama shi, da kuma wanda zai danƙa wa aikin.

Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne na wasu faffaɗan ƙarafa da ake maƙalawa a bango ƙarƙashin taga, ruwan zafi na bi ta cikinsu. Idan ɗaya ya lalace, kwance shi a sa wani aikin yini guda ne. Na ƙarƙashin daɓe ba haka yake ba. Idan aka yi kuskure wajen shimfiɗa shi, gyaran na iya nufin kwashe iyali da kayansu, a fasa tayil da daɓen baki ɗaya, a sake aikin daga tushe.

Tsohuwar dabara

Ɗumama wuri daga ƙasa ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya san gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi domin mai jego a wasu sassan ƙasar Hausa, ya riga ya san tushen dabarar. Rumawan da sukan ɗora daɓen gidajen wankansu a kan gajerun ginshiƙai na bulo, iska mai zafi daga murhu tana ratsawa ta ƙarƙashi. Mutanen Koriya kuma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna amfani da tsarin da suke kira ondol, inda hayaƙin murhun girki ke bi ta ƙarƙashin falalen duwatsun ɗaki kafin ya fice.

A ƙarni na 20 ne aka koma ga ruwa da bututu. Shahararren mai tsara gine-ginen nan na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya yi amfani da dabarar a wani gida da ya tsara a birnin Madison wanda aka kammala a shekarar 1937. Daga shekarar 1947 kuma aka gina gidaje fiye da dubu 17 a Levittown da ke jihar New York domin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, aka binne bututan tagulla a cikin kankaren daɓensu. Bayan wasu shekaru bututan gidaje da dama suka riƙa yoyo a cikin kankaren. Da yake fasa daɓen ya fi ƙarfin aljihun masu gidajen, da yawa daga cikinsu sun toshe tsarin ne kawai suka koma ga ƙarafan bango.

An sami sauƙin wannan matsala bayan da wani Bajamushe mai suna Thomas Engel ya gano hanyar ƙarfafa roba a shekarun 1960, ta yadda za ta jure ruwan zafi na tsawon lokaci. To sai dai bututan roba na farko da aka shimfiɗa a shekarun 1970 da farkon 1980 su ma sun zo da nasu aibin. Iskar oksijin na ratsa jikin robar ta shiga ruwan, ta haddasa tsatsa a tukunyar dafa ruwa da sauran sassan ƙarfe, tsatsar kuma ta zama laka ta toshe bututan. Wannan ne ya sa aka kafa ƙa'idar da ake kira DIN 4726, wadda ta ƙayyade yawan iskar da aka yarda ta ratsa bututu.

Yadda tsarin yake aiki

A sabon gini, ana fara shimfiɗa faifan kumfa mai tauri a kan kankare domin hana zafi zurarewa ƙasa. A kansa ake jera bututun roba yana kai da komo kamar kunyoyin gona, tazarar da ke tsakanin layi da layi takan kama daga santimita 10 zuwa 20. Daga nan sai a zuba daɓe ya rufe bututun da kaurin kimanin santimita huɗu da rabi idan na siminti ne, sannan a ɗora tayil ko katako ko kafet. Kowane ɗaki yana da nasa zagayen bututu ɗaya ko fiye, kuma dukkansu na haɗuwa ne a wani akwatin rarraba ruwa da ke jikin bango.

Da yake daɓen ɗakin gaba ɗaya ne ke fitar da ɗumi, ba a buƙatar ruwa mai zafi sosai. Kimanin digiri 35 a ma'aunin Celsius kan wadatar, alhali ƙarafan bango na tsofaffin gidaje kan nemi digiri 60 zuwa 70. Ƙa'idar ƙasashen Turai mai lamba EN 1264 ta tanadi cewa kada zafin saman daɓe ya wuce digiri 29 a inda mutane ke zama, digiri 33 a banɗaki, sai kuma digiri 35 a gefen bango da ba a cika takawa ba.

Wannan ƙarancin zafi shi ne ya ɗaukaka darajar tsarin a 'yan shekarun nan. Kafin yaƙin Yukren, fiye da rabin iskar gas da Jamus ke saye daga waje daga Rasha take fitowa, kuma kusan rabin gidajen ƙasar da gas ake ɗumama su. Bayan katsewar iskar da hauhawar farashi a shekarar 2022, hankali ya ƙara karkata ga na'urar zuƙo zafi, wadda ke aiki kamar firiji amma a juye: tana ɗebo ɗumi daga iskar waje ko daga cikin ƙasa ta shigar da shi cikin gida. Da ma'auni ɗaya na lantarki na'urar kan samar da ma'auni uku zuwa huɗu na zafi, amma ribar tana raguwa gwargwadon yadda aka tilasta mata ƙara zafin ruwan. Shi ya sa ita da tsarin ƙarƙashin daɓe suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta tarayya da ke Wiesbaden sun nuna cewa a shekarar 2024, fiye da kashi biyu cikin uku na sabbin gidajen zama da aka kammala a Jamus da wannan na'ura ake ɗumama su.

Wanda doka ta amince da shi

Matakin farko wajen zaɓen ɗan kwangila shi ne tabbatar da cewa doka ta ba shi izinin aikin. A Jamus aikin famfo da ɗumama gida na daga cikin sana'o'in da ba a buɗe kamfaninsu sai akwai gwanin da ya ci jarrabawar ƙwarewa ta Meister, ko yake da wata shaida da doka ta ɗauka daidai da ita. Kowane irin wannan kamfani na da rajista a majalisar masu sana'o'in hannu ta yankinsa, wadda ake kira Handwerkskammer da Jamusanci. Akwai irin waɗannan majalisu 53 a faɗin ƙasar, kuma mai gida na da damar tuntuɓarsu ya tambaya ko kamfani kaza yana cikin rajista. Idan aikin ya shafi haɗa tukunyar gas, wajibi ne kuma sunan kamfanin ya kasance a jerin waɗanda kamfanin rarraba gas ya amince da su.

Akwai wani abin lura game da masu zuba daɓe da masu shimfiɗa tayil da katako. A shekarar 2004 aka cire sharaɗin shaidar Meister daga sana'o'i da dama, har da waɗannan uku, lamarin da ya ba kowa damar buɗe kamfani. A shekarar 2020 majalisar dokoki ta mayar da sharaɗin a kan sana'o'i 12, su ma suna ciki. To amma kamfanonin da aka kafa a tsakanin waɗannan shekaru an bar su su ci gaba da aiki yadda suke. Wannan ba ya nufin aikinsu ba shi da kyau, sai dai yana nufin rajista kaɗai ba ta isa shaida ba. Ya kamata mai gida ya nemi a nuna masa gidajen da kamfanin ya yi wa irin wannan aiki, musamman waɗanda suka ga hunturu biyu ko uku, domin aibin tsarin ba ya bayyana sai sanyi ya tsananta. Kazalika ya nemi ganin takardar inshorar kamfanin, wadda za ta biya diyya idan ma'aikaci ya jawo ɓarna, alal misali ruwa ya malale gidan.

Lissafi kafin farashi

Babbar alamar da ke bambanta gwani da mai kame-kame ita ce abin da ya fara yi. Gwani ba ya faɗin farashi ta wayar tarho bisa faɗin gida kawai. Zai zo ya ga ginin ko ya karɓi taswirarsa, sannan ya lissafa yawan zafin da kowane ɗaki ke asara a ranar da ta fi sanyi a yankin. Akwai ƙa'ida ta musamman mai lamba EN 12831 da ake bi wajen wannan lissafi, inda ake duba kaurin bango da abin da aka gina shi da shi, da girman tagogi, da rufi, da iskar da ke shiga tana fita. Galibi ana lissafa falo da ɗakin kwana a kan digiri 20, banɗaki kuma a kan digiri 24.

Daga sakamakon ne ake sanin tazarar da za a bari tsakanin bututai a kowane ɗaki, da yawan ruwan da zai bi ta kowane zagaye, da girman na'urar da za a saya. Lissafin ne kuma zai nuna ko tsarin zai wadatar tun asali, domin daɓen da bai wuce digiri 29 ba, abin da yake iya bayarwa bai wuce kimanin wat 100 a kowace murabba'in mita ba. Tsohon gida mai siraran bango da tagogin da iska ke kutsawa na iya asarar fiye da haka. Ɗan kwangila mai gaskiya zai gaya wa mai gida cewa ya fara gyara tagogi da rufi, ko da hakan zai jinkirta nasa cinikin. Haka nan banɗaki, da yake filin daɓensa kaɗan ne amma ana son ya fi ko'ina ɗumi, sau da yawa sai an matse layukan bututunsa ko an ƙara masa ƙaramin ƙarfen bango.

Idan aka tsallake wannan lissafi, ɗaya daga cikin abu biyu kan faru. Ko dai wani ɗaki ya ƙi ɗumi duk yadda aka murɗa maɓalli, ko kuma a tilasta ƙara zafin ruwan gidan gaba ɗaya saboda ɗaki guda, kuɗin lantarki ya riƙa hauhawa kowace shekara muddin gidan na tsaye.

Abin da takardar farashi za ta ƙunsa

Yana da kyau a karɓi farashi a rubuce daga kamfanoni uku, a kwatanta su layi bayan layi maimakon duba jimillar da ke ƙasa kawai. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a wannan aiki arahar takan ɓuya ne a abubuwan da aka yi shiru a kansu.

Takardar da ta cika za ta bayyana irin faifan kumfar da za a shimfiɗa da kaurinsa, domin ɗakin da ke kan ƙasa ko kan ɗakin ajiya mai sanyi ya fi na saman bene buƙatar mai kauri. Za ta faɗi sunan kamfanin da ya ƙera bututun, ta kuma tabbatar da cewa mai hana iska ratsawa ne. Za ta nuna yawan zagayen da tsawon kowanne, wanda ga bututun da aka saba amfani da shi bai kamata ya wuce kimanin mita 100 zuwa 120 ba, in ba haka ba ruwan zai huce kafin ya kai ƙarshe. Za ta haɗa da siririn soson da ake zagaye gindin bango da shi, wanda ke ba daɓe damar motsawa da aƙalla milimita biyar idan ya ɗumama ya buɗe. Idan babu shi, tayil kan tsage.

Har ila yau ya kamata a ga batun daidaita ruwa tsakanin ɗakuna a rubuce. Ruwa na bin hanyar da ta fi sauƙi ne, don haka idan ba a daidaita ba, ɗakin da ke kusa da akwatin rarrabawa zai cinye rabon na nesa. Wannan daidaitawa na daga cikin sharuɗɗan samun tallafin gwamnati na sauya na'urar ɗumama gida, wanda tun shekarar 2024 bankin KfW ke karɓar buƙatunsa. Dokokin wannan fanni sun sha sauyi: gyaran dokar makamashin gine-gine da ya fara aiki a watan Janairun 2024 ya haddasa zazzafar muhawara, gwamnatin da ta hau mulki a 2025 kuma ta yi alƙawarin sake shi. Saboda haka ya dace a binciki sharuɗɗan da ke aiki kafin a sa hannu a kwangila. Cibiyoyin kare haƙƙin masu saye da ake kira Verbraucherzentrale na ba da shawara kan makamashi ba tare da suna da kayan sayarwa ba.

Wani abin da ke haddasa rigima shi ne rabon alhaki. Aƙalla hannu uku ne ke taɓa daɓen: mai shimfiɗa bututu, da mai zuba siminti, da mai ɗora tayil ko katako. Idan daɓe ya tsage, kowa kan nuna ɗan'uwansa da yatsa. Maganin haka shi ne a tsayar tun farko, a rubuce, wanda zai tsara inda za a bar tsagar motsi, wato ƴar tazarar da ake bari a bakin ƙofofi da kuma a filin da ya wuce murabba'in mita 40 ko tsawon mita takwas, da wanda zai karɓi aiki daga hannun wani.

Darduma da kafet

Akwai tambayar da ɗan kwangila na ƙwarai zai yi, wadda ta shafi iyalan Musulmi da na Afirka musamman: me za a shimfiɗa a kan daɓen? Ga iyalin da suka saba cire takalmi a bakin ƙofa, su zauna a ƙasa su ci abinci, su yi salla, yara su yi wasa, daɓe mai ɗumi babbar ni'ima ce, kuma shi ya sa masallatai da dama a ƙasashen sanyi ke amfani da shi. To amma kafet mai kauri, musamman mai soso a ƙarƙashi, bargo ne aka lulluɓa wa tsarin. Tayil da dutse sun fi kowane abu isar da ɗumi. Katako da kafet na yiwuwa, muddin juriyarsu ga wucewar zafi ba ta haura lamba 0.15 da ƙa'ida ta tanada ba, kuma masu ƙera su kan sa alama a jikin waɗanda suka dace.

Ƙaramar dardumar salla ba ta da wata illa. Amma wanda ya san zai malale falonsa da manyan dardumai ya faɗa tun kafin lissafi, domin a matse layukan bututu gwargwadon haka. Kazalika a nuna inda za a kafa kabad ɗin kicin da manyan akwatunan tufafi, saboda ba a shimfiɗa bututu a ƙarƙashinsu.

Ranar gwaji

Ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda aka gama jera bututu, ba a kai ga zuba daɓe ba. A ranar ce kaɗai mai gida zai iya ganin abin da ya biya da idonsa. Ƙa'ida ta wajabta a cika bututan a gwada su da matsin da ya kai bar 4 zuwa 6, wato kimanin ninki biyu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, a kuma bar matsin a ciki yayin da ake zuba siminti, ta yadda idan shebur ko baro ya huda wani wuri za a gani nan take. Ana rubuta sakamakon a takarda a sa hannu. Ya kamata mai gida ya halarci gwajin, ya ɗauki hoton kowane ɗaki tare da awo a shimfiɗe a ƙasa, ya kuma duba cewa kowane zagaye bututu ne guda daga akwati zuwa akwati. Idan larura ta sa an yi haɗi a tsakiya, wajibi ne a nuna wurinsa a taswira. Hotunan za su yi amfani ko bayan shekaru 20, ranar da wani zai zo da na'urar huda ƙasa domin kafa wani abu.

Bayan zuba daɓe sai haƙuri. Daɓen siminti ba a fara ɗumama shi sai ya kwana 21, na sinadarin farar ƙasa da ake kwararawa kamar kunu kuma sai ya kwana bakwai. Ana farawa ne da ruwa mai digiri 20 zuwa 25 na aƙalla kwana uku, sannan a kai shi iyakar zafin da aka tsara na aƙalla kwana huɗu. Ko bayan haka ba a ɗora tayil ko katako sai an ɗebi samfur an auna laimar da ta rage a ciki, daga wuraren da aka yi wa alama tun farko domin kada a huda bututu. Ɗan kwangilar da ya yi alƙawarin gajarta waɗannan kwanaki ba tare da ya nuna takardar wani siminti na musamman mai saurin bushewa ba, abin a yi hattara da shi ne. Katakon da aka ɗora a kan ɗanyen daɓe kumbura yake yi.

Idan gidan tsoho ne

A tsohon gida tambayoyin na ƙaruwa. Daɓen da aka saba zubawa na da nauyin kimanin kilo 130 a kowace murabba'in mita, wanda benen katako ba lalle ya ɗauka ba sai injiniya ya duba. Yana kuma ɗaga ƙasan ɗaki, abin da ke shafar ƙofofi da matakala. Akwai siraran tsare-tsare marasa siminti masu kaurin santimita biyu zuwa uku, akwai kuma dabarar fafe hanyoyin bututu a cikin tsohon daɓe da inji. Sai dai a gidajen da aka gina kafin shekarar 1993, lokacin da Jamus ta haramta sinadarin asbestos, ana iya samunsa a tsohuwar leda ko gam ɗin ƙasa, kuma ƙurarsa na haddasa cutar daji. Gwani zai nemi a kai samfur ɗakin bincike kafin inji ya taɓa ƙasa.

Akwai kuma tabarmar wayoyin lantarki da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tayil. Tana da arahar sakawa kuma ta dace da ƙaramin banɗaki, amma da yake farashin lantarki a Jamus ya ninka na gas kimanin sau uku a shekarun baya-bayan nan, ɗumama gida gaba ɗaya da ita na da tsada ƙwarai. Mai aikin lantarki mai rajista ne kaɗai ya kamata ya haɗa ta.

Aikin bayan fage

Baƙo a ƙasa yakan fi sakin jiki da wanda ɗan'uwa ko abokin masallaci ya kawo masa, kuma sau da yawa akan sami wanda zai ce zai yi aikin da rangwame idan aka biya shi kuɗi hannu ba tare da rasit ba. Baya ga kasancewarsa kaucewa haraji da doka ta haramta, wannan ciniki na raba mai gida da duk wata kariya. A shekarar 2013 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata da aka shimfiɗa wa duwatsu a hanyar shiga gidanta a kan Euro 1,800 ba rasit, aikin kuma ya fito da aibi. Kotun ta ce yarjejeniyar ɓatacciya ce tun asali, don haka matar ba ta da haƙƙin neman gyara. A 2014 kotun ta ƙara da cewa shi ma ma'aikacin ba shi da ikon neman ladansa, a 2015 kuma ta ce wanda ya riga ya biya ba zai karɓi kuɗinsa ba.

A ɗaya hannun, wanda ya karɓi rasit ya biya ta banki na iya cire kashi 20 cikin ɗari na ladan ma'aikata daga harajinsa, har zuwa Euro 1,200 a shekara, idan gyara ne a gidan da yake zaune kuma bai karɓi wani tallafin gwamnati a kan aikin ba. Doka ta kuma wajabta wa mai gida ya adana irin wannan rasit na shekara biyu. Dangane da biyan kuɗi, abin da ya fi aminci shi ne a biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka kammala, maimakon a zube kuɗi mai yawa tun ba a sauke kaya ba.

Karɓar aiki

Mataki na ƙarshe shi ne karɓar aiki a hukumance, inda mai gida da ɗan kwangila za su zagaya tare su rubuta duk wani aibi da suka gani. Wannan rana na da nauyi a shari'a. Daga ita ne wa'adin garanti ke fara ƙirguwa, wanda a dokar farar hula ta Jamus shekara biyar ne ga aikin gini, ko shekara huɗu idan an ƙulla kwangilar bisa ƙa'idojin gine-gine na VOB. Daga ita ne kuma nauyin kawo hujja ke komawa kan mai gida. Idan akwai aibin da ya rage, doka ta ba shi damar riƙe kuɗi da a galibi ya kai ninki biyu na abin da gyaran zai ci, har sai an gyara.

Kafin ya sa hannu, ya dace mai gida ya karɓi lissafin zafin kowane ɗaki, da taswirar bututai, da takardar gwajin matsi, da ta ɗumama daɓe, da alƙaluman da aka daidaita ruwa a kansu. Ya kuma nemi a koya masa sarrafa tsarin, domin daɓe na ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama ko ya huce, kuma kunnawa da kashewa a kai a kai ba ya haifar da komai sai asara.

Bututun roba da aka shimfiɗa bisa ƙa'ida an ƙera shi ne ya yi aiki na kimanin shekaru 50, wato zai iya wuce wanda ya saye shi ya kai ga 'ya'yansa. Amma damar duba shi ta kwana ɗaya ce ko biyu, tsakanin jera shi da zuba siminti. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke cewa tun ran gini, ran zane.